Masaukin da Babu Mai Masauki: Kwana Biyar a Wani Gidan Saukar Baƙi a Nassarawa

A watan Afrilun da ya wuce aka ɗaura auren ƙanwarmu, kuma nauyin nema wa 'yan uwa na nesa masauki ya faɗo a kaina. Yayata da mijinta da 'ya'yansu uku za su taho daga Legas, tare da surukarta, Hajiya, wadda ta haura shekara saba'in kuma ciwon gwiwa ya hana ta hawa bene. Gidanmu na cikin gari ya riga ya cika maƙil da dangi, har zaure an shimfiɗa tabarmi. Da farko otal na nufa, amma da na yi lissafin ɗaki uku na kwana biyar, ga kuɗin abincin mutum shida safe da rana da dare, sai na ga abin ya fi ƙarfin aljihuna. A nan ne wani abokin aikina ya nuna mini irin gidajen nan da ake bayarwa haya kwana-kwana da kayansu a ciki, waɗanda suka fara yawa a Nassarawa da Bompai da wasu sababbin unguwannin Kano. Na kama ɗaya daga cikinsu, mai ɗaki uku da falo da kicin, a kan naira dubu 85 kowane kwana. Ba zan ambaci sunan gidan ba, domin akwai abubuwan da zan faɗa waɗanda ba yabo ba ne, kuma manufata ita ce mai neman irin wannan masauki ya san abin da zai tarar.

Wannan sana'a ba a Kano ta fara da wannan siffa ba. Kamfanin Airbnb, wanda aka kafa a San Faransisko ta Amurka a 2008, shi ne ya bazu da ita a duniya, bayan masu kafa shi sun fara da shimfiɗa wa baƙi katifun iska a ɗakinsu lokacin da otal-otal na birnin suka cika saboda wani taro. A Najeriya Legas ce ta riga kowa rungumar ta, musamman a watan Disamba da 'yan ƙasar mazauna waje ke dawowa hutu. Amma duk wanda ya san tarihin kasuwancin Kano ya san tushen abin ba baƙo ba ne a wurinmu. Fataken da ke zuwa daga Azbin da sauran ƙasashe suna sauka a Fagge da kewayen Kurmi, a hannun fatoma, wanda zai ba su wurin kwana, ya adana musu kaya, ya haɗa su da dillalai, ya kuma tsaya musu idan an sami saɓani a ciniki. Bambancin da ke tsakanin fatoma da abin da na kama shi ne, fatoma mutum ne da za ka gani ido da ido, gidan Nassarawa kuwa har muka fita ban taɓa ganin mai shi ba.

Duk cinikin a WhatsApp aka yi shi. Na ga tallan a Instagram, na tura saƙo, wani da ya kira kansa manaja ya aiko mini da bidiyon ɗakunan da lambar asusu, ya ce sai na biya kuɗin kwanakin gaba ɗaya da ƙarin naira dubu 50 na ajiya kafin a riƙe mini ranakun. Na nemi in je in ga gidan, ya ce akwai baƙi a ciki. Na nemi takardar sharuɗɗa, ya ce babu, amana ce. Na tura kuɗin, kuma gaskiya ban sami natsuwa ba sai da saƙon tabbatarwa ya shigo bayan kusan awa biyu. Manyan dandalin kama masauki na duniya irin su Booking.com, wanda ya faro a ƙasar Holan a 1996, sun ginu ne a kan abubuwa biyu da suka ɓace a nan: sharhin waɗanda suka kwana kafin kai, da ƙa'ida rubutacciya a kan abin da zai faru da kuɗinka idan ka fasa zuwa. Na fahimci dalilin da ya sa masu gidaje a Kano ke kauce wa waɗannan dandali, domin akwai kamashon da ake cira, kuma a baya bankuna da dama sun daɗe suna hana biyan kuɗin waje da katin naira, ga shi tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 kowa ya saba da tiransifa. Duk da haka, mutumin da ke karɓar kusan rabin miliyan daga hannun wanda bai sani ba ya kamata ya iya rubuta shafi ɗaya na sharuɗɗa.

Daren isowarsu ne ya fi tsaya mini a rai. Jirginsu ya yi jinkiri, bai sauka a filin Malam Aminu Kano ba sai wajen ƙarfe goma da rabi na dare, muka isa gidan sha ɗaya ta gota. Ƙofar falon ba ta da makulli irin wanda muka sani. Wani ɗan allo ne mai lambobi a jikin marfin, kuma tun da rana an turo mini lambobin sirri shida da zan danna. Na danna sau ɗaya, allon ya yi ja. Na sake, ya yi wata 'yar ƙara ya mutu gaba ɗaya. Na kira manajan sau bakwai, wayar tana shiga ba a ɗauka. Yara sun yi barci a mota, mijin yayata yana haska mini da fitilar waya, Hajiya kuwa tana zaune a kujerar gaba ba ta ce komai ba, amma na san ba ta yi sallar Isha ba kuma gwiwarta ta sage saboda zaman jirgi.

Maigadin gidan ne ya fitar da mu. Dattijo ne, muna kiran sa Baba har muka tafi. Ya fito daga ɗan ɗakinsa da ke bakin get, ya durƙusa ya ce, "Hajiya, sannu da hanya, an zo lafiya? Ku yi haƙuri, batirin ƙofar ne, ya saba yin haka." Ya ɗauko farar kujerar roba ya ajiye mata a baranda, ya cika butarsa ya kawo, ya shimfiɗa dardumarsa ya nuna mata gabas, sannan ya hau kekensa ya tafi gidan mai sharar da ke riƙe da makullin ƙofar baya. Minti arba'in ya ɗauka. Da ya dawo ya buɗe, Hajiya ta ce masa, "Malam, Allah ya saka da alheri, Allah ya yi wa zuri'a albarka." Wannan duk ba ya cikin aikin da aka ɗauke shi, kuma babu sunansa a tallan da na gani.

Na san daga ina wannan ƙofa ta fito. Annobar korona ta 2020 ta durƙusar da harkar tafiye-tafiye fiye da duk wani abu a zamaninmu. Hukumar yawon buɗe ido ta Majalisar Ɗinkin Duniya, mai hedikwata a Madrid, ta ƙiyasta masu ƙetare iyaka don ziyara sun kusan biliyan 1.5 a 2019, adadin ya faɗi da fiye da kashi 70 cikin 100 a shekarar da ta biyo, bai kuma dawo kusa da matsayinsa ba sai a 2024 da ya kai kimanin biliyan 1.4. A tsakanin nan ne otal-otal suka sallami ma'aikata, suka koya wa baƙi shiga ɗaki da waya ko lambobi ba tare da sun tsaya gaban kowa ba, kuma da annobar ta wuce, da yawa ba su mayar da ma'aikatan ba saboda sun ɗanɗana sauƙin kashe kuɗi. Amma a can idan ƙofa ta ƙi buɗewa akwai layin waya da ake ɗauka dare da rana. Ko a Japan, otal ɗin Henn na da ya buɗe a 2015 da mutum-mutumi a matsayin ma'aikata, a 2019 sai da ya ajiye kusan rabinsu domin sun ƙara wa mutane aiki maimakon su rage. Mu a nan mun sayo ƙofar, mun bar tsarin da ke bayanta. A garin da ake cewa baƙonka annabinka, barin tsohuwa a waje da tsakar dare saboda batirin da bai kai kuɗin lemo biyu ba kuskure ne babba.

Da muka shiga ciki kuwa, dole in yi adalci, gidan ya cika alkawarin bidiyonsa. Zannuwan gado farare ne tas, katifu masu kyau, banɗakuna babu wari, famfo yana kawo ruwa da ƙarfi daga rijiyar burtsatsen gidan. Abin da ya fi burge ni shi ne wuta. Watan Afrilu a Kano zafi yakan haura digiri 40, kuma a kwana biyar ɗin fanka ba ta tsaya ba ko na minti ɗaya. An jera faifan sola a kan rufi, akwai inbata da batura a wani ɗan sito kusa da kicin, kuma idan aka ɗauke wuta ba za ka sani ba sai ka ga fitilar maƙwabta ta mutu. Na'urorin sanyaya ɗaki ne kaɗai ke da ƙa'ida: da rana guda ɗaya sola ke iya ɗauka, da dare kuma Baba yana tayar da janareto daga ƙarfe goma zuwa asuba. Mun bar wa Hajiya ta rana, sauran suka wadatu da fanka.

A Turai idan otal ya sa sola, yana tallata ta ne da sunan kare muhalli, har ya roƙi baƙo ya maimaita tawul don a rage wanki. A Kano lissafin aljihu ne ya kawo ta. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuma aka ɗaga kuɗin wutar rukunin farko, wato na masu samun wuta awanni mafi yawa a rana, daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225 a kan kowane ma'auni a Afrilun 2024, duk mai masaukin da ya dogara da dizal da wutar gwamnati kaɗai ya shiga matsi. Ko mene ne dalilin, sakamakon ɗaya ne ga baƙo, wato zama ba tare da rurin inji a kunne duk yini ba. A wannan fanni gidan ya fi otal-otal da dama da na taɓa sauka a cikinsu.

Intanet ma haka. Akwai farantin Starlink a kan katanga, kamfanin da ya fara aiki a Najeriya a farkon 2023, kuma mijin yayata, wanda bai samu hutu cikakke daga ofis ba, ya yi tarukansa na safe ta bidiyo a teburin cin abinci ba tare da yankewa ba, sannan da azahar ya sa babbar riga ya tafi wajen biki. Wannan haɗa aiki da tafiya na daga cikin manyan sauye-sauyen da ake gani a duniya, har ƙasashe irin su Istoniya da Fotugal da Sifaniya suka ƙirƙiri biza ta musamman ga masu aiki daga nesa. Ɗan kasuwar da ya zo Kantin Kwari ko Dawanau na mako guda zai amfana da wannan fiye da kowa.

Inda na daɗe ina tunani shi ne tsarin gidan kansa. An gina shi a Kano, baƙinsa galibi Musulmi ne, amma kamar an kwafo shi ne daga hoton wani gida na wata ƙasa. Kicin a buɗe yake cikin falo babu ko labule, don haka idan abokan mijin yayata suka zo gaisuwa, ita da 'yarta ba su da hanyar ɗora tukunya sai sun gifta ta gabansu, ga ƙamshin daddawa ya cika kujeru. Babu falo na biyu, babu wani abu mai kama da zaure. A banɗakin babban ɗaki akwai kwamin wanka mai tsawo wanda Hajiya ba za ta iya ɗaga ƙafa ta shiga ba, wurin wanke hannu kuma ya yi sama da yawa ga mai alwala. Babu buta ko ɗaya a gidan, babu darduma, babu alamar alƙibla. Washegari da safe sai da na tsaya a bakin titi na sayi butoci uku da bokiti da 'yar kujerar tsuguno. A Malesiya da Turkiyya akwai otal-otal da suka mayar da hidimar matafiyi Musulmi babbar kasuwa, suna sa kibiyar alƙibla a rufin ɗaki, suna ware wurin ninƙaya na mata, suna tabbatar da abinci halal, kuma suna samun baƙi daga ko'ina saboda haka. Abin da wasu ke kashe kuɗi su koya, mu gadonmu ne, amma mai wannan gida bai ga ya dace ya ajiye buta ba.

Haka bangon falon. Hoton hasumiyar Faris ne babba a sama da talabijin, sai wani na gadar Landan a hanyar shiga ɗakuna. Matafiyin yau, a ko'ina yake, yana neman ya ji ƙamshin garin da ya je, kuma Kano ba ta rasa abin nunawa ba. Marinar Ƙofar Mata tana nan, dukawa suna nan da aikin fata, ga faifai da kwanduna da tabarmin kaba a Kurmi, ga Gidan Makama da Dutsen Dala, kuma a Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake adanawa. Zane ɗaya na rini a bango da tumtum biyu na fata a ƙasa sun isa su gaya wa baƙo inda yake. Ƙaramin ɗan yayata, wanda a Legas aka haife shi, ya tambaye ni ko hasumiyar a Kano take.

Batun abinci gajere ne. Ba a ba da karin kumallo, amma akwai tukunyar gas cike, da firji, da tukwane ƙanana uku waɗanda ba za su dafa wa mutum shida shinkafa ba, don haka muka aro babba daga gida. Da safe Baba ne ke aika wani yaro ya sayo mana masa da ƙosai da kunun gyaɗa, da dare kuma mukan biya mu sayi gurasa da tsire. A nan ne aka samu rangwamen gaske idan an kwatanta da otal, kuma Hajiya ta sami tuwonta mai laushi yadda take so.

Kafin iyali su kwanta a daren farko na zagaya ɗakunan ina duba kusurwoyi da kan sif, domin ɓoye kyamara a irin waɗannan gidaje matsala ce da ta kai Airbnb ya haramta kyamarar cikin gida kwata-kwata daga ƙarshen Afrilun 2024. Ban ga komai ba sai guda ɗaya a bakin get, wadda take a fili. Abin da ya ba ni mamaki shi ne babu wanda ya nemi katin shaidar kowa a cikinmu, babu rajistar baƙi, babu tambayar ko su wane ne za su kwana. Otal mafi ƙanƙanta a Kano yana rubuta sunanka. Wani maƙwabci da muka haɗu da shi a masallacin layin bayan sallar Magariba ya gaya mini cewa mu ba su da kuka da mu, amma akwai makon da wasu matasa suka kama gidan suka hana unguwa barci, kuma babu wanda za a kai wa ƙara domin mai gidan ba ya gari. Ya ƙara da cewa gidaje biyu a layin da a da iyalai ke haya na shekara yanzu an mayar da su na kwana-kwana.

Wannan magana ta biyun ita ce ta fi damuna, domin ni ma ɗan haya ne. Birane da yawa sun riga mu shiga wannan rami. Birnin Niyok ya fara aiwatar da doka mai tsauri a Satumbar 2023 wadda ta rage irin wannan haya ƙwarai, kuma a Yunin 2024 magajin garin Basalona, Jaume Collboni, ya sanar da cewa nan da ƙarshen 2028 za a soke lasisin gidajen baƙi kusan dubu 10 don a mayar da su ga mazauna birnin da tsadar haya ta kora. Kano ba ta kai nan ba, baƙinmu ba su kai nasu yawa ba, amma lissafin mai gida ɗaya ne a ko'ina: idan kwanaki kaɗan a wata za su ba shi abin da ɗan haya ke biya a watanni, ba zai daɗe yana tunani ba. Ya kamata hukumomin jiha su fara da abu mai sauƙi tun yanzu, wato rajistar gidajen, da lambar wanda za a kira, da wajabta rubuta sunan baƙi.

Ranar fita babu wanda ya zo duba gidan tare da mu. Mun miƙa wa Baba makullin baya, yayata ta ba shi atamfa ya kai wa iyalinsa, Hajiya ta sa masa albarka, muka kama hanyar filin jirgi. Kuɗin ajiyata bai dawo ba sai bayan kwana tara da tuni sau huɗu, kuma an cire naira dubu 12 saboda zanin gado ɗaya da tawul biyu da lalle ya ɓata. Ban yi jayayya a kan tabon ba, domin 'yar yayata ta kwanta da ɗanyen ƙunshi a daren kamu, kuma na ga zanin da idona. Abin da na ce wa manajan shi ne, wanda ke karɓar baƙin biki a Kano ya san lalle zai shigo gidansa, don haka ko ya tanadi zannuwa masu duhu, ko ya faɗi tarar tun kafin a biya.

Ga iyali mai mutum biyar zuwa bakwai da za su yi kwanaki, ko 'yan kasuwa biyu ko uku da za su raba kuɗin, wannan gida ya fi otal sauƙi da sakewa da sirri, kuma zan iya sake kama shi. Ga mace ita kaɗai, ko tsoho, ko baƙon da bai san gari ba kuma ba shi da ɗan uwa kusa, otal mai ma'aikaci a teburin tarbar baƙi dare da rana ya fi masa. Wanda zai kama kuwa ya nemi sharuɗɗa a rubuce ko da a saƙon waya ne, ya tambayi awannin janareto, ya karɓi lambar maigadi tun da rana, ya kuma tabbatar akwai makullin hannu a cikin harabar gidan.

Bayan mako biyu na rubuta wa manajan waɗannan abubuwa dalla-dalla. Ya amsa cikin ladabi, ya ce an canja batirin ƙofa, an bar makulli na biyu a hannun Baba, an kuma sayi butoci da darduma biyu. Da na tambaye shi ko za su ɗauki wanda zai riƙa tarbar baƙi da amsa waya da dare, sai ya ce zai gaya wa Alhaji mai gidan idan ya dawo daga tafiya.